Ranar da Maraya Ya Cika Shekara 18, Wa Ke Tsaya Masa?

Gwaggo Mai Ritaya, Mabera:
Assalamu alaikum. Na daɗe ina son kawo wannan magana gaban 'yan'uwa, abin da ya tunzura ni yau kuwa shi ne wani yaro da ya zo gaishe ni ranar Juma'ar da ta wuce. Na san shi tun yana cikin zanen goyo, domin lokacin da nake aikin jin daɗin jama'a ni na karɓe shi da hannuna na kai shi gidan marayun da ya tashi a ciki. Yanzu shekarunsa 22, ya gama sakandare, yana koyon ɗinki, ba ya shaye-shaye, ba a taɓa kama shi da kayan wani ba. Da na tambaye shi inda yake kwana sai ya sunkuyar da kai, can ya ce a shagon maigidansa, bayan an rufe, tsakanin kekunan ɗinki. Tun ranar barcina bai cika ba. Mun ciyar da shi, mun tufatar da shi, mun sa shi makaranta, amma da ya kai lokacin da ɗan kowa ya fi bukatar mai riƙe masa hannu, sai muka ce ya girma. A duk shekarun da na yi ina aiki ban taɓa ganin an ware wani ma'aikaci aka ce aikinsa shi ne bin sawun yaran da suka bar hannunmu ba, kuma ni kaina ban nemi a yi hakan ba, shi ya sa nake ganin ina da alhaki a ciki. Tambayata ita ce, me ya kamata mu nema daga gwamnatin jihar Sakkwato da majalisar dokoki saboda irin waɗannan matasa?

Alhaji Mai Hatsi, Tsohuwar Kasuwa:
Wa alaikumus salam, Gwaggo, Allah shi saka da alheri. Labarin yaron ya taɓa ni, amma ina jin tsoron mu ɗauko matsalar wasu ƙasashe mu ɗora wa kanmu. A ƙasar Hausa ba a yar da ɗa don ya cika wasu shekaru, akwai baffa, akwai kawu, akwai maƙwabci. Ni kaina mahaifina ya rasu ina da shekara 9, ƙanensa ya riƙe ni, ina ɗan shekara 15 na fara auna gero a kasuwa, ban taɓa jiran gwamnati ba. Namijin da ya kai 18 ai ya isa ya nemi na kansa. Idan muka sabar musu da karɓa, wace rana za su tsaya da ƙafafunsu?

Tela, Runjin Sambo:
Baba Alhaji, ina neman afuwa, zan yi magana domin ni ɗaya ne daga cikin waɗanda ake zancensu, ko da yake ba ni ne wanda ya je gidan Gwaggo ba. Kun ce kun fara auna gero kuna da shekara 15. Ina roƙon ku tuna a rumfar wa kuka zauna, wa ya ba ku buhun farko bashi, kuma wa ya ce wa 'yan kasuwa wannan ɗan wane ne, a amince da shi. Abin da ba mu da shi ke nan. Ƙarfi muna da shi, son aiki muna da shi, amma duk ƙofar da muka nufa tambaya ɗaya ce ke tare mu: kai ɗan wa ne?

Lokacin da na gama sakandare na ci jarrabawar JAMB, na samu gurbin karatu, aka ce in kawo takardar shaidar zama ɗan asalin ƙaramar hukuma. Na je wani ofishi aka ce sai na zo da takarda daga mai unguwa ko hakimi mai nuna gidanmu da sunan mahaifina da na kakana. Na faɗa musu gaskiya cewa a gidan marayu na tashi, sai ma'aikacin ya ce shi ba a ba shi umarnin yadda zai yi da irina ba, in dawo wani mako. Na yi ta zirga-zirga har lokacin rajista ya wuce, gurbin ya tafi. Da na nemi ɗakin haya aka ce in kawo wanda zai tsaya mini, da na nemi a ba ni babur in riƙa biya a hankali aka ce in kawo babban mutum daga dangina. Ban ƙullaci kowa ba, kowannensu yana kare dukiyarsa ne. Amma, Baba, abin da ya fi min ciwo ba ko ɗaya daga cikin waɗannan ba ne. Sallar farko bayan na fita, na sauko daga idi, na ga kowa ya kama hanyar gidansu, ni kuwa na tsaya a bakin titi ina tunanin inda zan nufa, domin gadona a can an riga an ba wani yaro ƙarami wanda ya fi ni bukatarsa.

Alhaji Mai Hatsi, Tsohuwar Kasuwa:
Ɗana, ka faɗi gaskiya. A rumfar baffana na zauna, kuma sunansa ne jarina na farko. Ban taɓa lissafa wannan a cikin abin da aka ba ni ba sai yau.

Malam, Kanwuri:
Allah shi yi muku albarka baki ɗaya. Ina so in jawo hankalinmu ga aya ta 6 ta Suratun Nisa'i, domin ina ganin ta riga ta warware mana rabin wannan muhawara. Allah ya umarci masu riƙon marayu da su riƙa jarraba su har su isa aure, sa'an nan idan an ga shiriya da iya tattali a tare da su, a miƙa musu dukiyarsu, kuma a kafa shaidu a lokacin miƙawa. Ku lura da cewa balaga kaɗai ba ta wadatar ba, sai an haɗa da abin da ayar ta kira rushdu, wato hankalin da mutum zai iya juya abin hannunsa ba tare da ya salwantar ba. Jarrabawar kuma ba ta rana ɗaya ba ce, malamai sun yi bayanin cewa ana ba yaro kaɗan ya juya, a duba yadda ya yi, a ƙara masa. To idan shari'a ta hana a sakar wa maraya mai dukiya dukiyarsa kafin a tabbatar ya iya, yaya za a sakar wa maraya marar komai rayuwarsa gaba ɗaya don kawai kalanda ta nuna wata rana?

Game da wanda ba a san iyayensa ba kuwa, hukuncinsa tsoho ne. An kawo wa Sayyidina Umar labarin jaririn da aka tsinta, ya ce ɗa ne ba bawa ba, kuma ciyar da shi yana kan baitulmali. Saboda haka idan muka ce gwamnati ta ɗauki nauyinsu, ba baƙon abu muka aro ba, Alhaji. Baitulmalin yau shi ne asusun jiha.

Lauya, Gawon Nama:
Allah shi gafarta Malam, wannan ma'auni na rushdu ya fi duk abin da zan kawo daga littattafan doka, amma bari in faɗi inda muke. Dokar Haƙƙin Yara ta tarayya ta 2003 ta ce yaro shi ne wanda bai kai shekara 18 ba, kuma ta tanadi sharuɗɗan ba da riƙo ta hannun kotu. Sakkwato ta samu tata dokar kare yara a 2021, zamanin Gwamna Aminu Waziri Tambuwal. Wannan ci gaba ne, sai dai kowa ya san cewa doka ba ta ciyar da kowa sai an ware mata kuɗi a kasafi an kuma ɗora aikin a wuyan wani ofishi da sunansa.

Wasu ƙasashe sun yi irin kuskurenmu, sun ga sakamakonsa a gidajen yari da kan tituna, suka gyara. A Ingila tun 2014 matashi na iya ci gaba da zama a gidan da aka riƙe shi har ya kai 21 tare da tallafin hukuma, kuma dokar 2017 ta ba shi damar samun jami'i mai ba shi shawara har shekara 25. A Amurka dokar 2008 ta buɗe wa jihohi hanyar tsawaita riƙo zuwa 21 da kuɗin tarayya. Ƙa'idojin da Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da su a 2009 kan yaran da ba su hannun iyayensu sun ce a fara shirya yaro tun kafin ranar fitarsa da daɗewa, a kuma haɗa shi da wani mutum takamaimai da zai taimaka masa. Ba cewa nake mu kwafo su ba, aljihunmu ba ɗaya ba ne. Abin da nake gani za mu iya nema, kuma ba zai ci wa jiha kuɗi mai yawa ba, shi ne a hana sallamar kowane yaro daga gidan marayu, na gwamnati ko mai zaman kansa, sai yana riƙe da takardar haihuwa ta Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa, da lambar NIN wadda tun 2021 ba a rajistar JAMB sai da ita, da takardar zama ɗan ƙaramar hukuma, da asusun banki. Wanda bai da waɗannan ko rancen karatu na NELFUND da aka kafa dokarsa a 2024 ba zai iya nema ba, domin sai ya shiga makarantar tukuna.

Malamar Islamiyya, Minanata:
Ina gaishe da iyayena da yayyena. Tun ɗazu ana ta cewa yaro, yaro, ni kuwa 'yan mata nake so a duba, domin nasu ya fi ɓuya. Mu a nan idan marainiya ta girma, abin da ake ɗauka mafita shi ne aure. A haɗa mata gado da katifa da kwanuka, a yi walima, manya su zo a ɗauki hoto, kowa ya koma gida yana ganin an sauke nauyi. Aure alheri ne, ba na jayayya da wannan. Amma kowace mace a nan ta san cewa abin da ke riƙe darajar mace a gidan miji shi ne sanin da mijin ya yi cewa tana da inda za ta koma. Wadda take da uba idan an cuce ta tana yin yaji, a zo biko, a zauna a yi magana, a ja wa miji kunne. Wadda ta fito daga gidan marayu yajin ina za ta yi? Wa zai yi mata wankan jego, wa zai kai mata gara, wa zai je kotu tare da ita ranar da aka sake ta da goyo a baya?

Na koyar da wata yarinya da gwaggonta ta riƙe ta bayan rasuwar iyayenta. Ita ke wanke-wanke, ita ke talla, 'ya'yan gidan na makarantar boko ita tana gida, tana cika shekara 16 aka aurar da ita. Bayan shekara 3 auren ya mutu, ta dawo, aka ce mata ɗakin da take kwana an zuba kaya a ciki. Gonar mahaifinta kuwa har yau tana hannun waɗanda suka ce suna juya mata. Wannan shi ne abin da nake so Baba Alhaji ya duba: yawancin marayunmu ba a gidan marayu suke ba, suna hannun dangi, a cikin riƙon da babu wanda ya rubuta, babu wanda ke leƙawa. Akwai masu riƙo na Allah da Annabi, na san su da yawa, wasu ma sun fi son ɗan riƙo a kan na cikinsu. Akwai kuma waɗanda riƙon ya zame musu hanyar samun 'yar aiki da cin gado, kuma kunya ta hana unguwa magana.

Malam, Kanwuri:
Malama ta taɓo wuri mai zafi. A mazhabarmu ta Malikiyya, kamar yadda yake a Risala, ciyar da ɗiya mace yana kan uba har a ɗaura mata aure miji ya tare da ita, ba a yanke shi da shekaru. Duk wanda ya tsaya a matsayin uba ya kamata ya auna kansa da wannan. Batun gado kuwa, aya ta 10 ta wannan sura ta Nisa'i ta ce masu cin dukiyar marayu da zalunci wuta suke ci a cikunansu. Da za a bi shawarata, duk rabon gadon da ya haɗa da ƙananan yara a rubuta kason kowane yaro a gaban alƙali, a rubuta sunan wanda aka damƙa wa, kuma a kira shi ya yi bayani lokaci zuwa lokaci.

Ɗan Gabas, Sabon Birni:
Ku yi haƙuri in sa baki a taƙaice. Ku da ke cikin birni kuna maganar gida ɗaya ko biyu na marayu, mu a Sabon Birni da Isa da Goronyo da Rabah hare-haren 'yan bindiga sun bar mana marayun da ba mu san adadinsu ba. Baffan da ake cewa zai riƙe su shi ma yana gudun hijira, gonarsa ba ta nomuwa. Yaran da aka kashe iyayensu a 2021 suna da shekara 13 ko 14, yanzu sun zama samari da 'yan mata. Saurayin da ya ga abin da ya gani, ba shi da karatu, ba shi da sana'a, ba shi da mai ce masa bari, ina jin tsoron wanda zai riga mu kai masa hannu. Duk abin da za ku rubuta, kada ya tsaya a ƙwaryar Sakkwato, ƙananan hukumomi 23 gare mu.

Alhaji Mai Hatsi, Tsohuwar Kasuwa:
Na sauko daga inda na fara, amma akwai inda ba zan sauko ba. Ban yarda a riƙa ba matashi kuɗi a hannu duk wata ba. Na ga yadda tallafin kuɗi yake ƙarewa a waya da sutura, na kuma ga yadda jerin sunaye ke cika da 'ya'yan masu hanya alhali marayun na gaskiya suna waje. Idan za a kashe kuɗi, a kashe a kan kayan aiki da kuɗin makaranta da hayar ɗaki, a biya kai tsaye.

Baduku, Madunka:
Alhaji, ina tare da kai a rabi. Shekarata 40 ina dukanci, na yaye yara da dama, cikinsu akwai marayu. Koyon sana'a ba shi ne wahala ba, ranar yaye ita ce wahala. Ɗan gida idan ya ƙware ubansa zai saya masa fata da zare da kayan aiki, ya kama masa wuri. Maraya kuwa sai ya ci gaba da zama a ƙarƙashina yana yi mini aiki, ba don bai iya ba, sai don ba shi da abin da zai fara da shi, ni kuma ƙarfina bai kai in kafa kowa ba. Haka abin yake wurin maƙera a Maƙera Asada, haka wurin teloli da kafintoci. Amma kayan aiki kaɗai ba su isa ba. Wanda aka ba keken ɗinki yau ba zai samu masu kawo ɗinki gobe ba, yakan ɗauki watanni, kuma a watannin nan ciki ba ya jira. Na sha ganin yaro ya sayar da abin da aka ba shi, mutane su ce ɓatacce ne, alhali yunwa ce. A haɗa masa da ɗan abin da zai ci na wata 6, ko hatsi ne ba kuɗi ba. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya rubuta cewa yana daga aikin shugaba ya raya masu sana'a a kowane gari, to ga wurin farawa.

Lauya, Gawon Nama:
Wannan ya kawo mu ga inda kuɗin zai fito. Muna da Hukumar Zakka da Waƙafi ta jiha, wadda ta saba raba wa marayu abinci da tufafin Sallah a gundumomi, kuma tana da kwamitoci da suka san mutanensu. Ina ganin a roƙe ta ta buɗe wani waƙafi na musamman don masu fita daga riƙo, gidaje kaɗan da za su zauna na shekara 2 ko 3, da shaguna da kuɗin hayarsu zai riƙa sayen kayan yaye. Amma Malam, ina da tambaya a kan takardar asali, domin nan ne za a yi mana gardama. Za a ce idan hakimi ya sa hannu ga yaron da ba a san ubansa ba, an ƙirƙira masa nasaba.

Malam, Kanwuri:
Ba a ƙirƙira ba. Aya ta 5 ta Suratul Ahzab da ta hana a jingina yaro ga wanda ba ubansa ba, ita ce kuma ta ce idan ba ku san iyayensu ba to 'yan'uwanku ne a addini. Takardar ƙaramar hukuma shaida ce ta gari, ba ta jini ba. Yaron da aka tsinta a Sakkwato, ya sha ruwan Sakkwato, ya yi karatun allo a Sakkwato, idan ba Basakkwace ba ne to ɗan ina ne? Hakimin da gidan marayun ke ƙasarsa shi ne ubansa a wannan fuska, kuma ina da yaƙinin idan aka kai maganar fadar Mai Alfarma Sarkin Musulmi da ladabi za a saurare ta. Zakka kuwa, maraici kaɗai ba ya cikin kashi 8 da aya ta 60 ta Suratut Tauba ta lissafa, amma talauci yana ciki, kuma ba ya ƙarewa ranar da mutum ya balaga.

Malamar Islamiyya, Minanata:
Ga 'yan mata kuma ina roƙon a sa wannan a rubuce: kowace yarinya da za ta fita, ko ta aure ko ta karatu, a haɗa ta da wata dattijuwa a unguwar da za ta zauna, wadda ta yarda a gaban shaidu cewa gidanta gidan yarinyar ne. Nana Asma'u ta tura jajis, wato matan da ta horar, ƙauye-ƙauye suna karantar da mata a tsarin 'Yan Taru, kuma har yau akwai iyayenmu mata da ke kan wannan turba. Ba za a rasa masu karɓar wannan amana ba idan an neme su.

Gwaggo Mai Ritaya, Mabera:
Alhamdu lillahi, na samu fiye da abin da na zo nema. Lauya, ɗana, ina roƙon ka tsara mana takardar da za mu kai kwamitin majalisar dokoki mai kula da harkokin mata da yara, da ma'aikatar da abin ya shafa, da Hukumar Zakka, Malam kuma ya duba mana ɓangaren shari'a kafin mu sa hannu. Ni zan nemo tsofaffin abokan aikina, domin a cikin kawunanmu akwai sunayen yara da yawa da ya kamata a bincika inda suke.

Tela, Runjin Sambo:
Gwaggo, roƙona ɗaya ne. Ranar da za a kai takardar a tafi da biyu ko uku daga cikinmu, mace da namiji, mu yi bayani da bakinmu, amma kada a ɗauki hotonmu, kada a kira sunayenmu a rediyo. Wasunmu sun yi aure, surukansu ba su san inda suka tashi ba, kuma su ke da ikon faɗa ko su yi shiru. Na san mutum 7 da muka fita kusan lokaci ɗaya, ina da lambar 4, sauran ukun zan bi sawunsu a tashar mota da Kasuwar Kara inda aka ce an ga ɗaya yana dako.

Alhaji Mai Hatsi, Tsohuwar Kasuwa:
Gwaggo, kafin takarda ta fito, akwai ɗaki a zauren gidana da ɗana ya tashi daga ciki bayan aurensa, yana da ƙofa ta waje. Ki turo mini yaron nan mai kwana a shago gobe bayan La'asar, ya zo da maigidansa mu gaisa. Idan an tambaye shi mai tsaya masa daga yau, ya ba da sunana.